Ƙoƙon Baba Matalo

Ni ba neman arziki ya kai ni Douala ba. Ɗan'uwana na je nema. Shi Hassan, ni Husaini, ciki ɗaya rana ɗaya, kama kuwa har ta ɓaci, ko a murya ba a rarrabe mu. Mu biyu masu gyaran agogo ne a Funtua, teburi ɗaya muke zama a bakin tasha, har ranar da bakina ya raba mu. Ina da zafin zuciya, wannan ba sai na ɓoye ba, za ku gani da kanku. A kan wata 'yar magana da ba ta taka kara ta karya ba na ce masa albarkacina yake ci. Ya naɗe kayan aikinsa ya bi masu goro zuwa Kamaru, shekara huɗu sai wasiƙa jefi-jefi, ita ma Inna yake rubuta wa, ni ko gaisuwa babu.

Da ciwo ya kwantar da Inna sai na rubuta masa takarda. Na ce in shi ɗan halak ne, ranar da takardar nan ta shiga hannunsa ya kamo hanya, ko da a ƙafa ne. Wata uku shiru. Rannan Inna ta kira ni ta ce, "Je ka zo min da shi. Ina so in gan ku tsaye wuri ɗaya kafin in tafi." Abin da na sani kawai shi ne yana wata unguwa da ake ce wa New Bell.

Kwana shida na yi a hanya. Motar ƙarshe ta ayaba ce, ta sauke ni a Bonabéri, wato kafin a haye gadar Wouri, ranar wata Lahadi da hantsi. A lokacin ne ake rikicin nan na rufe gari, su suna ce masa ville morte, mataccen gari. Daga Litinin zuwa Juma'a ba kasuwa, ba tasi, ba mai buɗe shago, wanda ya fito da mota yana iya komawa gida a ƙafa. Asabar da Lahadi kaɗai ake fitowa neman abin sawa a baka, kowa na sauri kamar ya bar tukunya a wuta.

A nan tashar wani mutum ya tare ni. Farar riga, carbi a hannu, Hausa tsaf kamar a Zariya aka yanke masa cibiya. Na yi murna, wallahi, don kwana uku ban ji wanda ya ce min sannu da harshena ba. Na nuna masa fuskata na ce, "Malam, ka taɓa ganin mai irin wannan? Hassan, mai gyaran agogo."

Ya tafa hannu ya ce, "Hassan namu? Ai ya bar New Bell tuntuni, yana Japoma, can bayan gari. Taho in kai ka, ladan nan ba zan bar wa wani ba."

Muka hau bayan wata akori-kura muka ratsa garin kaf, har gidaje suka fara ƙarewa. A bakin wani gida mai jan ƙyaure ya tsayar da ni ya ce akwai jandarmomi a gaba, in suka ga jaka a hannun baƙo sai sun zazzage ta, in kawo ya shigar min da ita ta baya, shi zai fito da Hassan. Na miƙa masa. Ni da ake cewa ba a yi min wayo a tashar Funtua, da hannuna na miƙa masa, har da cewa Allah ya saka. Cikinta akwai tufafina da takardun shaidata da kilishin da Inna ta ce a kai wa ɗanta. Na tsaya a ƙofar nan har rana ta karkata. Da na gaji na tura ƙyauren, sai na tarar ba gida ba ne, bango ɗaya ne a tsaye, bayansa ciyawa da hanya.

Ruwan sama ya same ni a nan. Ruwan Douala ba irin namu ba ne da zai zuba ya ɗauke a ga rana. Shi in ya fara kamar an manta da shi ne a buɗe. Wata mata mai sayar da kifi, ba ta jin Hausa ni ba na jin nata, ta ba ni rogon nan da suke naɗewa a ganye da rabin kifi, ta nuna min wata rumfa can wajen kogin Dibamba, tana cewa, "Hausa, Hausa." A rumfar na sami wani Bafillatani mai jiran shanu, Jauro. Kwana uku na yi kwance a wurinsa, zazzaɓi na karkaɗa ni, maƙogwarona ya kumbura har muryata ta koma kamar ta ƙofar da ba a sa wa mai ba.

Ranar Alhamis na ce zan tafi. Jauro ya kwatanta min hanyar New Bell, sannan ya riƙe hannuna ya ce, "Ka ji abu ɗaya. A kwanakin nan kar ka tambayi sunan kowa. Mai tambayar suna ɗan rahoto ake ɗaukar sa, kuma kai ba ka da papiye, ba takardar shaida ko ɗaya a jikinka. Ka rufe bakinka, fuskarka ta yi maka tambayar."

Na taɓa tafiya a daji ni kaɗai, ban ji abin da na ji a titin Douala da rana tsaka ba. Titi mai faɗi, benaye hagu da dama, ba mutum ko ɗaya. Duk mararrabar da na zo sai in ga baƙin zobe a kan kwalta inda aka ƙona taya, wayoyinta a murɗe. Wata akuya na kwance a tsakiyar hanyar manyan motoci tana tuƙa. A wani gida na ji rediyo na magana, ina matsowa aka kashe. Na san ana kallona, don nakan ga labule ya motsa, amma ba fuska. Sawuna kawai nake ji da ruwa a kan kwano. Sau biyu na faɗa kwata na kwanta saboda na jiyo ƙarar mota, na tashi laka har gemu.

Wajen azahar na fara ganin 'yan masallatai da butoci a jere, na san na shigo cikin namu. Lungunan New Bell ƙanana ne, gidajen katako, ruwa na bin ƙarƙashin allunan da aka shimfiɗa don tsallakawa. A bakin wani famfo na ga mace ta farko mai mayafi. Ta ɗago ta gan ni, sai bokitin ya suɓuce mata. Ba ta ɗauka ba, ta yi baya-baya har ta shige gida. Gaba kaɗan wani dattijo yana alwala, ya tsaya da ruwa a tafin hannunsa, leɓensa na motsi. Abin da na lura shi ne, duk wanda ya gan ni sai ya waiwaya ya dubi wani lungu guda. Raina ya yi fari. Na ce alhamdu lillahi, an san fuskar nan, na bi lungun.

A ƙarshensa akwai gida mai rumfar kwano, maza kusan ashirin zaune a tabarmi, ga farantan gumba a tsakiya, an ɗaga hannu ana shafa fatiha. Na yi sallama da 'yar muryar da ta rage min.

Ba wanda ya amsa. Hannuwa suka tsaya a fuska. Can sai wani tsoho dogo, mai hular ulu duk da zafin nan, ya ce a hankali, "Wa alaikas salam." Shi kaɗai.

Sai mutane suka fara tashi. Ba gudu ba, ɗaya bayan ɗaya, kowa na bin jikin bango don kar rigarsa ta taɓa ni. Wasu ko takalmansu ba su tsaya nema ba. Kafin in zauna saura mutum uku, tsohon nan da wasu dattawa biyu da nake jin ƙafafunsu ne suka ƙi ɗaukar su. Ni kuwa nan take na yanke hukunci. Na ce wato Hassan ya gama ɓata ni a wurin mutanen nan, ya gaya musu yana da ɗan'uwa mugu, ga shi sun gan ni sun watse kamar na zo da kuturta. Zuciya ta taso min. Na ce to, ba zan tambaye ku shi ba, ina nan zaune har ya dawo ya same ni. Yunwa kuma ba ta san fushi ba. Na ja faranti na dunƙuli gumba na ci, na ƙara. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "Inna lillahi," ya rufe fuska da hannun riga.

Tsohon mai hular ulu shi ne mai gidan. Daga baya na san sunansa Baba Garba, amma kowa Baba Matalo yake ce masa, wato ma'aikacin jirgin ruwa da Faransanci. A New Bell aka haife shi, ya yi shekara talatin yana yawo a teku. A gefensa akwai buta a kan gawayi da wani ɗan ƙoƙon duma mai tsukakken baki, ya yi baƙi saboda hannu. Cikinsa wani koren gari ne da 'yan itatuwa, kamar kukar da ba a tankaɗe ba, an soka masa wani tsinken ƙarfe mai rami. Ya tsiyaya ruwan zafi a ciki. Ya miƙo min da hannu biyu, bai dubi idona ba.

Ya ce, "Mate ne. Sha."

Ni a cikin zazzaɓin nan matacce ne na ji ya ce. Tsigar jikina ta tashi. Amma ƙishi ya fi tsoro, na kafa baki na zuƙa. Ɗaci kamar shuwaka, da ƙamshin hayaƙi da na ɗanyar ciyawa. Na zuƙa har ƙoƙon ya yi ƙara. Ɗumi ya sauka min har ciki, idona ya ɗan washe. Na miƙa masa na ce, kamar yadda aka tarbiyyantar da kowane ɗan Musulmi, "Na gode, Baba."

Ƙoƙon ya kusa faɗuwa daga hannunsa. Dattawan biyu suka dubi juna, suka sami ƙafafun da suka rasa ɗazu, suka fice. Baba Matalo kuwa hawaye na bin furfurar gemunsa. Na ce a raina, ikon Allah, wane irin gari ne wannan da godiya ke sa tsoho kuka.

Jiri ya fara ɗibata. Na ce, "Ina ɗakin?" Ya ɗaga hannu ya nuna wata ƙofa a tsakar gida.

Ina turawa na san na iso. Ga teburin Hassan, ga gilashin ido ɗaya da muke duba cikin agogo, ga hantsakinsa a jere daga ƙarami zuwa babba yadda ya saba, abin da nakan yi masa tsiya a kai. Agogon bango bakwai, na hannu kuwa sun fi ashirin a rataye a ƙusoshi. Dukansu a tsaye suke, kowanne da lokacin da ya mutu. Hularsa a kan ƙusa ta yi fumfuna. Na ga fumfunar sarai, na kawar da kaina, na ce damina ce. Mai gyaran agogo ba ya iya kwana da agogo a tsaye. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na murɗa kowanne ya tashi, ɗakin ya cika da ƙas-ƙas-ƙas, ɗaya daga na bangon har ya buga. Daga cikin gida na ji wata mata ta fasa salati, aka ja ta aka rufe ƙofa. Na kwanta a tabarmar ɗan'uwana, ban ƙara sanin inda kaina yake ba.

Da na farka rana ta fito. Tsakar gida wayam, ba mace ba yaro, igiyar shanya ba ko tsumma. A bakin ƙofata an yayyafa ruwan rubutu, ga kwanon kunu da aka turo da sanda, sandar ma an bar ta a nan. Na sha kunun. Hassan bai kwana a gida ba.

A rumfa na tarar da Baba Matalo da dattawan jiya biyu, sun dawo, kowa da carbi. Na yi sallama, na zauna a cikinsu. Baba ya cika ƙoƙon ya sha, ya sake cikawa ya ba na damansa. Wannan ya shanye ya mayar, ba wanda ya ce uffan. Ya cika, hannunsa ya wuce ta gaban hancina ya ba na hagu. Aka zagayo, aka sake tsallake ni. Sau uku ana yi, ni ina zaune kamar turmi. Ba ƙoƙon ne ya dame ni ba, abin ɗaci ne ma, amma a tsallake mutum da ransa a zaune, wannan ko a gidan maƙiyi ba a yi.

Sai bakin nan nawa ya buɗe, muryar ma ta dawo don masifa. Na ce, "Baba, ko kare ne ya shigo gidanka ai ka ce masa tafi. Ni ban zo roƙo ba. In Hassan ya gaya muku ni mugu ne, na yarda, na yi masa laifi. Amma ku kira shi ya faɗa a gabana, uwarmu na can kwance tana jiran sa."

Carbi ya tsaya a hannun kowa. Baba Matalo ya ɗago, karo na farko ya dubi tsakiyar idona. Ya ce, "Mu kira wa?"

"Hassan mana."

Sai wata mata ta fito daga bayan ƙyaure, ashe tana tsaye tana ji. 'Yarsa ce, Adama, tana aikin ofis a unguwar Bali, rufe garin ne ya zaunar da ita a gida. Ta ce, "Papa, ce n'est pas lui, ba shi ba ne. Tun jiya nake gaya maka." Ta juyo gare ni ta ce, "Malam, don Allah, yaya sunanka?"

Na ce, "Husaini."

Tsohon ya ajiye butar. Ya matso da gwiwoyinsa ya kama wuyan hannuna ya danna, yana jin jijiya na bugawa. Ya shafa goshina ya ji zafi. Ya ce, "Yana da zazzaɓi," kamar wanda ke ba da albishir. Ɗaya dattijon ya fara dariya, dariyar ta juye kuka. Ni kuwa sai na fara gane abin da ba na so in gane.

Baba bai iya faɗa kai tsaye ba, sai ya bi ta kan ƙoƙon. Ya ce, "Ɗana, ba wulaƙanci na yi maka ba. Ganyen nan a can ƙasashen ƙetaren teku na koyi shan sa, wajen mutanen da suke ce masa yarba mate. Yana da ƙa'ida. Ƙoƙo ɗaya ne, mai zubawa ɗaya ne, yana zagayawa. In ka sha ka mayar da bakinka a rufe. Ba a godiya. Ranar da ka ce na gode, ka ce ke nan ka ƙoshi, a cire ka daga zagaye. Kai kuwa jiya ka ce."

Na ce, "Ban sani ba."

"Shi ya sani. Shekara huɗu yana zaune a inda kake zaunen nan, kullum da safe, bai taɓa gode min ba. Ran nan takarda ta zo masa daga gida. Ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihu. Ranar Talata ce, gari a rufe. Na ce ya bari sai Asabar, ya ce wanda ya rubuto ya ce ko a ƙafa. Na ba shi ƙoƙo ya sha, ya miƙo min ya ce, na gode, Baba. Ya ɗauki jakarsa ya nufi gada."

Adama ce ta ƙarasa. Ta ce a wata mararraba kafin gada ya faɗa tsakiyar masu jifa da masu harbi. Harsashi ɗaya ne, ba wanda ya san na wane ne. Masu amalanke suka gane shi suka kawo shi gida. Sun ba wani mai goro saƙo zuwa Funtua, ashe bai iso ba. Kuma bai taɓa gaya wa kowa cewa shi ɗan tagwaye ne ba.

Baba ya buɗe tafukansa ya ce, "Da hannun nan na wanke shi. Ni na sa shi a rami. Sai ga shi jiya ya shigo da laka a gemu, ya yi sallama da muryarsa. Mu a jirgi abin da muka gada shi ne, wanda ya tafi in ya dawo ba a tambayar sa, ba a gaya masa. A ba shi abin sha, a bar shi ya tafi don kansa. Na ba ka, ka faɗi abin da ya faɗa. Sannan agogunansa suka tashi."

Na ce, "Taron jiya fa?"

Dattijon da ya rufe fuska jiya ya ce, "Sadakar arba'in ce."

Gumbar ɗan'uwana na ci. Har ƙari na yi. Na tashi na fita bayan rumfa na yi ta kakari, babu abin da ya fito. Ban yi kuka ba a lokacin, ƙarya ne in ce na yi. Kalmomin takardata ne kawai ke zagaya min a kai, ko da a ƙafa ne, ko da a ƙafa ne. Ni na rubuta su da hannuna, har na ja musu layi a ƙasa.

Ranar Asabar da aka buɗe gari suka raka ni maƙabarta. Ruwa ya riga ya kwantar da ƙasar, sai wani guntun katako da Baba ya kafa don shaida. A nan kukan ya zo. Na durƙusa na roƙe shi gafara da ƙarfi, a gaban mutane, abin da girman kai ya hana ni yi shekara huɗu yana da kunnen ji.

Daga nan ciwo ya kayar da ni sosai, na yi kwana goma sha biyu a gidan. Matan da suka gudu suka dawo, kowacce da ɗan abin da za ta kawo, wasu har yanzu ba sa iya kallona sai a kaikaice. Adama ce ta nemo min ƙwayoyin zazzaɓi. Baba kuwa kullum da safe sai ya sa an fito da ni rumfa, ya mayar da ni cikin zagaye. Ganyen saura kaɗan a gwangwani, don masu jirgin da ke kawo masa ba sa samun shigowa, wani Kwara da ke sayarwa a unguwar Akwa kuma ya rufe kanti. Duk da haka bai taɓa rage min ba.

Yakan ce, "Kofi tashin mari yake yi wa mutum. Wannan kuwa a hankali yake buɗe maka ido, ba rawar hannu. Yana kashe gajiya, yana sakin ciki, yana riƙe yunwa. Kwanakin nan da ba kasuwa, da shi muke kai azahar. Amma kar ka bar ruwan ya tafasa. Da buta ta fara waƙa ka sauke, mai shan sa da ƙuna maƙogwaronsa yake cuta."

Adama ta ce, "Papa, ganyenka ba ya kashe palu, zazzaɓin cizon sauro ne ke damun sa. Ya haɗiyi ƙwayarsa tukuna."

"Wa ya ce yana kashewa? Ƙwayarki ta kori ciwon, nawa ya tsayar da mutumin."

Gaskiyarsu su duka biyun. Zazzaɓin ƙwaya ce ta kore shi. Amma abin da ya sa nake iya tashi in zauna, in haɗiyi loma, in ji kaina ya yi wasai na awa biyu, ƙoƙon nan ne. Wataƙila ganyen ne, wataƙila kuma don ana miƙo min abu daga hannu zuwa hannu ba a tambaye ni komai ba. Na gyara agogunan da ke ɗakin na mayar wa masu su. Wasu sun karɓa da hannu, wasu suka ce in ajiye a ƙasa.

Adama ta yi ta zirga-zirga har ta samo min takardar da zan wuce shinge da ita, aka haɗa ni da wata motar goro. Da safen da zan tafi Baba ya ba ni ƙoƙo, na shanye na mayar. Bakina cike da abin da ya kamata in faɗa wa mutumin da ya wanke ɗan'uwana ya kuma yi jinyata, amma na haɗiye. Ya gyaɗa kai. Ban sake ganin sa ba.

Duk tsawon hanya ina shirya maganar da zan gaya wa Inna. Na shirya ta a Hausa mai laushi, na sa aya a ciki, na maimaita ta har na haddace. Na iso Funtua da la'asar. Gidan shiru, an sake labulen ɗakinta. Na tsaya a tsakar gida na yi sallama.

Daga ciki ta ce, "Hassan?"

Wallahi ban shirya ba. Bakina ne ya ce, "Na'am."

Na ji gado ya yi ƙara. Matar da ta yi wata biyar sai an tayar da ita, na ji tana laluben takalmi tana dariya, tana cewa, "Ja'iri, sai yau ka ga dama. Tsaya nan, kar ka shigo, ni zan fito." Ina jin takunta, tana dafa bango. Ta ɗaga labulen.

Ta dube ni. Ta leƙa bayana wajen zaure, ta daɗe tana kallo. Sannan ta dawo da idonta kaina, ta ɗora tafin hannunta a ƙirjina.

Ta ce, "Husaini, shigo daga rana."

Ba ta tambaye ni ba, ni ma maganar da na haddace ban same ta ba. Ta koma ta kwanta ta juya fuskarta bango, takalmi ɗaya na ƙafarta.